Haɗin Suzuki ya yi baƙi tun kafin a gama

Malam, ka ce kana haɗin Suzuki, wato haɗa aril buromaid da asid ɗin boronik da taimakon Pd(PPh3)4, katalis na faladiyom mai sa haɗin ya yiwu, cikin minti 20 ruwan ya koma baƙi ƙirin, abin da ka samu kuma bai kai rabi ba. Baƙin nan faladiyom ne ya rabu da fosfin ɗinsa (PPh3 ɗin da ke riƙe da shi) ya dunƙule ya zama ƙarfe zalla. Da zarar ya kai haka, aikinsa ya ƙare. Mafi yawan lokaci oksijin ce ta ci fosfin ɗin, ita ce kuma ke sa boronik biyu su haɗe da junansu su bar buromaid a zaune.

Fara duba kwalbar katalis ɗin. Mai kyau launin ruwan ɗorawa ne mai haske. In ya koma ruwan ƙasa, kada ka ɓata lokacinka da shi. A firji ake ajiye shi, ƙarƙashin iskar argon.

Sai korar iska, nan ne mutane ke yin ganganci. Abin da za ka narkar da kayan a ciki, dayokzen da ruwa, 4 da 1, ka busa musu argon ko naitirojin ta allura har minti 20 zuwa 30. Har ruwan da ka narkar da K2CO3 (potasiyom kabonet) a ciki sai an busa shi, wannan ne ake yawan mantawa. A lissafin mol, buromaid kashi 1, boronik 1.2 zuwa 1.5, K2CO3 kashi 2 ko 3. Katalis ne zai shiga ƙarshe, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na mol, sannan ka toshe ka ɗora a digiri 80 zuwa 90. Ka sa abin motsawa ya yi gudu sosai, domin in ruwan ya rabu gida biyu bai gauraya ba, aikin ja yake yi.

In ka yi duk wannan amma TLC (gwajin faranti da ke nuna abin da ya rage a cikin haɗin) ta nuna boronik ya ƙare buromaid yana nan, to ba faladiyom ne mai laifi ba. Boron ɗin ne ya cire, haidurojin ya maye gurbinsa, musamman in irin su 2-piridil ne ko 2-tiyenil. Rage zafi, rage ruwa, ko ka koma kan esta ta finakol ta boronik ɗin a maimakon asid ɗin.

Ni dai a ganina katalis ɗin Pd(dppf)Cl2 ya fi Pd(PPh3)4 jure iska. In kuwa wata rana aril kuloraid za ka haɗa a maimakon buromaid, PPh3 ba zai kai ka ba, sai wasu fosfin ɗin, irin su SPhos ko XPhos.