Me ya sa manyan zakarun damben boksin ba sa yawan haɗuwa da juna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun zamanin Mike Tyson nake kallon damben boksin. Abin da ke damuna yanzu shi ne, sai in hana idona barci har asuba, a ƙarshe zakara ya kayar da wani da ban taɓa jin sunansa ba a turmi na biyu. Su kuma manyan sai cika baki, ba sa haɗuwa. Wani ya ce mini yarjejeniyar da gidajen talabijin ke ƙullawa da masu shirya dambe ce ke jawo haka. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a warware ta.

Boksin ba shi da hukuma guda da ke tsara wa zai kara da wa. Akwai manyan hukumomi huɗu, WBA da WBC da IBF da WBO, kowace da kambunta, kuma suna iya umartar zakara ya kare kambunsa a gaban wane. Amma ba su ke biyan 'yan dambe ba. Mai shirya wasa ne ke biya, shi kuma kaso mafi tsoka na kuɗinsa daga gidan talabijin yake fitowa. Saboda haka yadda aka rubuta yarjejeniya tsakanin waɗannan biyun shi ke yanke abin da za ka gani da asuba.

Hanya biyu ake bi. A ta farko, gidan talabijin yana sayen wasa ɗaya bayan ɗaya. Mai shiryawa ya kawo sunaye biyu, idan haɗin bai yi ba a ce masa ya sake. A ta biyu kuwa, gidan talabijin yana ba kamfani guda dunƙulallen kuɗi, a ce ya kawo dare kaza na dambe a shekara. To a nan gizo ke saƙar. Kuɗin ya riga ya tabbata, ko wasan ya yi daɗi ko bai yi ba. Ribar mai shiryawa ita ce abin da ya rage bayan ya sallami 'yan dambe. Abokin karawa mai ƙarfi yana da tsada, kuma zai iya kayar da tauraron da kamfanin ke taƙama da shi. Mai rauni kuwa ga araha ga kwanciyar hankali. Ba sai mutum ya zama mugu zai zaɓi na biyun ba, lissafin ne ke tura shi can.

A watan Oktoban 2018 Canelo Alvarez na Meziko ya sa hannu da DAZN, mai nuna wasanni ta intanet, kan dala miliyan 365 na wasa 11. Wasansa na farko a ƙarƙashin wannan yarjejeniya da Rocky Fielding ne, wanda ya faɗi sau huɗu kafin a tsayar da wasan a turmi na uku. Adalci ne a ce a 2019 ya kara da Daniel Jacobs da Sergey Kovalev, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Amma wasan da DAZN ke ƙwaɗayi, wato karo na uku da Gennady Golovkin, bai samu ba. Rigima ta kai kotu a 2020, aka raba gari, kuma ba a yi wasan ba sai a 2022, lokacin da Golovkin ya cika shekara 40.

Matsala ta biyu ta fi wannan ciwo. Yawancin yarjejeniyoyin nan suna ɗaure ɗan dambe ga gida guda. Kamfanin shirya dambe na Top Rank na Bob Arum ya koma gidan talabijin na ESPN a 2017. Matchroom na Eddie Hearn ya ƙulla da DAZN a 2018. 'Yan damben kamfanin PBC na Al Haymon kuwa a lokacin suna fitowa ne a gidajen talabijin na Showtime da Fox. Kowane gida ya zuba kuɗi ya gina tauraronsa, don haka ba ya son ya ga an nuna babban wasansa a gidan abokin hamayya. Ka dubi bambancin da gidan damben gargajiya: Kudu da Arewa da Guramada fili ɗaya suke shiga, gaban 'yan kallo ɗaya, shi ya sa gwani ba ya iya kauce wa gwani na dogon lokaci. A boksin kowane ɓangare da nasa filin da tasa ƙofar.

Errol Spence ya ɗauki kambun IBF a 2017, Terence Crawford ya ɗauki na WBO a aji ɗaya a 2018. Babu wanda aka taɓa ci a cikinsu, kowa kuma ya san su ne kan gaba. Spence yana PBC, Crawford yana Top Rank. Sai da Crawford ya bar Top Rank a ƙarshen 2021 sannan hanya ta buɗe, suka haɗu a Las Vegas a watan Yulin 2023. A tsakanin nan Spence ya yi mummunan hatsarin mota a 2019, an kuma yi masa aikin ido a 2021. Crawford ya gama da shi a turmi na tara, kuma ya cancanci nasararsa, amma har yau ina jin takaicin rashin ganin wasan tun suna kan ganiyarsu su duka.

Haka aka yi da Anthony Joshua, wanda iyayensa 'yan asalin Najeriya ne, da Deontay Wilder. A 2018 dukkan kambu huɗu na ajin masu nauyi suna hannunsu, babu wanda aka taɓa dokewa. Aka yi ta ja-in-ja kan kuɗi da inda za a nuna, har Andy Ruiz ya kayar da Joshua a 2019, Tyson Fury ya kayar da Wilder a 2020.

Ba duk laifi ne na talabijin ba. Tattaunawar farko ta Floyd Mayweather da Manny Pacquiao ta rushe ne kan batun gwajin jini a farkon 2010, tun Mayweather bai koma Showtime ba. Komawarsa a 2013 ta ƙara wa abin wuya ne kawai, tunda wasannin Pacquiao gidan talabijin na HBO ne ke nuna su. Da aka ga yawan kuɗin da ke jira, HBO da Showtime suka haɗa kai suka nuna wasan tare a watan Mayun 2015, kamar yadda suka yi wa Lennox Lewis da Tyson a 2002. An sayi wasan sau fiye da miliyan 4 ta tsarin biya ka kalla. Sai dai Mayweather yana da shekara 38, Pacquiao 36, kuma wasan bai kai yadda aka zata ba.

Kuɗin talabijin kuma ya sha haifar da dambe mai kyau, matuƙar gidan ya riƙe ikon cewa a'a. Lokacin da HBO ta nuna Arturo Gatti da Micky Ward a 2002, an riga an ci Ward sau 11, babu kambun da ake nema, amma an san idan suka haɗu wuta za ta tashi, kuma turmi goman da suka yi har gobe ana maganarsa. Showtime ma ta tara gwanaye shida daga kamfanoni daban-daban a gasar Super Six daga 2009 zuwa 2011, ta sa kowa ya amince tun farko zai kara da kowa. Andre Ward ya lashe bayan ya doke Carl Froch. A ganina wannan ne abin da ya kamata duk mai biyan kuɗi ya riƙa yi: ya sayi wasa, kada ya sayi rana.

Yanzu fasalin ya sauya. HBO ta bar dambe a 2018 bayan shekara 45, Showtime ta bi ta a ƙarshen 2023. Saudiyya ta shigo ta hannun wani babban jami'inta, Turki Alalshikh, da kuɗin da ya isa ya zaunar da Hearn da Frank Warren, masu shirya dambe kuma tsofaffin abokan hamayya, a teburi ɗaya. A haka aka samu Fury da Oleksandr Usyk a Riyadh a watan Mayun 2024, karon farko da mutum ɗaya ya haɗe kambun masu nauyi tun Lewis a 1999, sai Artur Beterbiev da Dmitry Bivol a watan Oktoba. Na ji daɗin waɗannan wasanni ƙwarai. Fargabata ita ce, duk sun rataya ne ga aljihu guda, kuma farashin manyan 'yan dambe ya yi tashin da gidajen talabijin na yau da kullum ba za su iya biya ba.

Kafin ka sake raba dare, duba abu biyu. Su waye abokin karawar ya doke a wasanninsa uku na baya? Sannan su biyun kamfani ɗaya suke, ko kuwa an tsallaka daga wani gida zuwa wani don a haɗa su? Idan an tsallaka, yawanci wasan na gaske ne. Idan kuwa ba ka san ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya doke ba, kwanta abinka, ka kalli taƙaitaccen bidiyon da safe.