Ina aka samo siffar zuciyar da ke nufin so?

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa zanen nan ya zama alamar soyayya alhali bai yi kama da zuciyar mutum ba. Gaskiyarki. Duk wanda ya tsaya gun mahauta a kasuwar Sabon Gari ya ga zuciyar rago ya san ba haka take ba.

Siffar ta girmi ma'anarta. Girkawa da Rumawan dā suna zana ganyen wata ciyawa mai yaɗo da wannan fasali, ado ne kawai. Wasu kuma na danganta ta da silfiyum, wani tsiro na birnin Sairin da ke Libiya ta yau, wanda aka buga hoton ƙwayar irinsa mai wannan siffa a jikin kuɗin birnin. Ni dai hujjar nan ba ta gamsar da ni ba, don tsiron ya ɓace tun zamanin Rumawa, ƙarnoni kafin a haɗa zanen da so.

Haɗin ya faru ne a Turai. A wani littafin Faransa na wajen 1250 an zana saurayi durƙushe yana miƙa wa budurwa zuciyarsa, sai dai ta fi kama da 'ya'yan itace. A ƙarni na 15 siffar ta daidaita, ta shiga katin karta na Faransawa, daga nan ta bazu. Katunan masoya na Ingila a ƙarni na 19 suka ƙarasa aikin.

Mu nan Zariya sai ta biyo katin gayyatar biki, da zanen lallen amare, sannan wayar hannu, inda Facebook ya ƙara maɓallinta a 2016.