Gizaka ce ko tsutsa? Amsa ga manomin Bakori

Wani manomi daga Bakori ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, wata aba ta faɗa wa masarata, duk ta huhhuda ganyen. Mahaifina ya ce gizaka ce, ni kuwa na ce tsutsa ce. Launinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta da gashi, kuma a tsakiyar shuka take kwana. Wa ke da gaskiya?"

Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma wannan karon kai ne a kan hanya. Gizaka gashi gare ta buzu-buzu, ita ce wadda in ta bi ta jikin yaro zai wuni yana susa. Taka kuwa ka ce sumul take. Sai dai kada ka yi saurin murna, don kalmar tsutsa babbar riga ce, kowa ta samu sai ta rufe shi. Ta nama tsutsa, ta goro tsutsa, ta cikin yaro ma tsutsa. Kaɗan ne Bahaushe ya ware wa suna: tana mai fitowa daga ƙasa in an yi ruwa, da gwazarma, ƙatuwar nan fara ta cikin juji. Saboda haka in ka je wurin malamin gona ka ce "tsutsa", ba ka gaya masa komai ba tukuna.

Daga kwatancenka, na fi zaton baƙuwar tsutsar nan ce da ake kira fall armyworm da Turanci, wadda aka fara gani a Afirka a farkon 2016, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Asalinta nahiyar Amurka. Kakanninmu ba su san ta ba, shi ya sa ba su bar mana sunanta ba. Haka aka yi da wadda ta cinye tumatir a waccan shekarar, har manoman rani suka laƙaba mata Sharon.

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane, wato kamanni ba ya mayar da abu ɗan'uwansa. To ka je gonar da sassafe, ka buɗe naɗaɗɗen ganyen tsakiya. Za ka fara cin karo da kashinta, tuli guda kamar jiƙaƙƙiyar dussa. Zaro ta ka ɗora a tafin hannu. A goshinta akwai farin zane kamar gwafa a kife. Can kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu ne baƙaƙe, biyu sama biyu ƙasa, kamar gurabun dara. In ka ga waɗannan biyu, ita ce. Da wuya ka sami manya fiye da ɗaya ko biyu a shuka guda, don cin junansu suke yi. Ƙananan ba sa huda ganye, kankare shi suke su bar shi shara-shara. Uwarsu wani malam-buɗe-littafi ne mai launin toka da ke yawon dare, yana zuba ƙwai ɗari zuwa ɗari biyu a wuri ɗaya. Tsutsar da ke ratsa kara ta shige ciki, wannan wata ce daban.

Ka kuma tambayi ma'anar "tsutsar nama, ita ma nama ce", wadda maƙwabcinka ya jefe ka da ita. Ana faɗarta ne a kan abin da ya fito daga jikin wani abu, ko ya jingina da shi har aka lissafa su tare, kamar agolan gida da ake cewa ai shi ma ɗa ne. Tsokanarka kawai ya yi. Mahauci ne zai iya wannan magana ya zauna lafiya, ban taɓa ganin wanda ya auna tsutsar masara a tiya a kasuwar Funtuwa ba.