Filin Tambaya da Amsa: Tsakanin Kratos da Malenia, wa zai kai wani ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya ƙi ƙarewa tsakanina da abokaina. Idan aka haɗa Kratos na wasan God of War da Malenia ta Elden Ring, wa zai yi nasara? Ni dai ina bayan Kratos, su kuma sun ce ko minti biyu ba zai yi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya hana musunku ƙarewa shi ne ba ku yanka sharaɗi ba kafin ku fara. Kai kana maganar Kratos na cikin labari, wanda ya kashe Ares da Poseidon da Hades da Zeus a tatsuniyar Girkawa. Su kuma suna maganar Malenia ta cikin wasa, wadda ta kashe su sau ba adadi suna riƙe da abin bugawa. Ma'auni biyu ne daban. Wahalar bos, wato babban abokin gaba na cikin wasa, a hannun mai wasa abu ne da kamfani ya tsara da gangan, ba ita ce ke nuna ƙarfinsa a labari ba. In da haka ne, da ƙaramin kwarangwal ma ya fi Kratos ƙarfi, tunda yana iya kashe shi idan mai bugawa bai iya ba.

To mu yanka sharaɗi. Kratos na God of War Ragnarök, wanda ya fito a 2022, da makamansa uku: gatarin Leviathan mai daskarar da abu, wuƙaƙen Chaos masu sarƙa da wuta, da mashin Draupnir. Malenia kuma a fadamarta ta gindin katuwar bishiyar Haligtree, da zagayen faɗanta biyu cif. Babu Atreus ɗan Kratos, babu mai kawo ɗauki.

Abin da ke hannun Malenia guda uku ne. Na farko, duk saran da ta kai ya taɓa abokin faɗa, jininta yana ƙaruwa, ko da an tare da garkuwa. Wannan babbar matsala ce ga Kratos, domin rabin faɗansa a kan garkuwa yake. Duk tarewar da zai yi, abinci yake ba ta. Na biyu shi ne saran nan da take tashi sama ta tsaya cak, sannan ta sauko da ruwan sara kashi uku a jere. Na uku, kuma shi ne mafi muni, jar ruɓa da ke jikinta. Ita ce ta cinye mata ido da hannu da ƙafa, ita ce kuma ta haukatar da Radahn, wanda shi ma ba ƙaramin jarumi ba ne.

Kratos fa? Raunin Malenia da duk wanda ya yi faɗa da ita ya sani shi ne sanyi da zubar jini, kuma ba ta da nauyin jure bugu: a zagayen farko, makami mai nauyi yana katse mata sara. Gatarin Leviathan kamar don ita aka ƙera shi, ga nauyi, ga sanyi, ga shi ana jefawa ya dawo hannu. Saurinta ma ba sabon abu ba ne a wurinsa. Ya yi da Sigrun, sarauniyar mayaƙan mata da ake kira Valkyrie, a wasan God of War na 2018, ya kuma kashe Heimdall, wanda ke ganin niyyar mutum kafin ya motsa. Batun ruɓa kuwa, a dokar duniyar Elden Ring kanta wuta tana danne ta. Sojojin Radahn da wuta suke tare ta a yankin Caelid, kuma akwai tsafin wuta da ke warkar da ita. Kratos yana yawo da wuta a ƙarshen sarƙa.

Hukuncinmu: Kratos zai sha wuya a mintunan farko, har sai ya gane cewa garkuwa cutarsa take yi ya daina tarewa ya koma kaucewa. Daga nan faɗan nasa ne. Inda za ta iya juya lamarin shi ne farkon zagaye na biyu, lokacin da take faɗowa daga sama furen ruɓa ya buɗe. Kratos mutum ne mai son shiga jiki, in ya tsaya cikin furen nan zai ɗauki ciwon da fushinsa ba zai wanke ba. Saboda haka ka gaya wa abokanka Kratos ne zai fita da ƙafarsa, amma kada ka rantse cewa zai fita lafiya.

Tambaya: A cikin labarin Elden Ring, tsakanin Radahn da Malenia wa ya ci? Ita tana cewa ba a taɓa cin ta da yaƙi ba.

Amsa: Kare jini, biri jini. Sun haɗu a Aeonia, cikin yankin Caelid. Da ta ga takobi kaɗai ba zai kai shi ƙasa ba, sai ta saki ruɓar da take dannewa. Yankin ya lalace gaba ɗaya, Radahn ya rasa hankalinsa yana yawo a fagen daga yana cin gawarwaki, ita kuma ta sume, sai da wata jarumarta mai suna Finlay ta goya ta har Haligtree. Maganarta gaskiya ce a baki, tunda ba a kashe ta ba kuma ba ta miƙa wuya ba. Amma wadda aka ɗauko a sume ba za ta yi wa kowa gorin nasara ba. A ra'ayinmu, in an cire ruɓa, Radahn ne ke gaba. Shi ne mutumin da ya koyi sihirin jan ƙasa don kawai ya ci gaba da hawan ɗan ramammen dokinsa, ya kuma tsayar da taurari a wuri ɗaya, kuma yana riƙe da su har bayan ya haukace.

Tambaya: Ban taɓa buga irin waɗannan wasanni ba. Shin Elden Ring ya cancanci in saya, ko zuzutawa ce kawai? Kwamfuta nake da ita.

Amsa: Ya cancanta, amma ba ga kowa ba. Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya yi shi ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, marubucin nan na Amurka George R. R. Martin ya taimaka wajen gina tarihin duniyar, ya fito ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ya kuma ci kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na wannan shekarar. Yana kan kwamfuta, da PlayStation 4 da 5, da Xbox.

Fara duba na'urarka. Mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema shi ne RAM mai giga 12, katin hoto kamar GTX 1060, da sararin ajiya giga 60. Kwamfutar ofis marar katin hoto na musamman ba za ta ja shi yadda ya kamata ba, kuma wannan wasa ne da ɗan tsaikon hoto kaɗan ke jawo mutuwa. Ka nemi abin bugawa na hannu, ya fi madannai daɗi nesa ba kusa ba.

Babban abin yabonsa shi ne yadda aka gina ƙasar. Ba a cika maka taswira da alamomi ana jan ka da hanci. Ka hango hasumiya can nesa, ka hau dokinka Torrent ka nufe ta, a hanya ka ci karo da wani ɗan gini da za ka ɗauka rijiya ce. Ka shiga, abin hawa ya yi ta sauka da kai har ka fara tunanin wasan ya lalace, sai ga ka a wani kogi na ƙarƙashin ƙasa mai sararin sama cike da taurari. Irin wannan mamakin yana ta maimaituwa har tsakiyar wasan. Faɗan kuma yana da nauyi: kowane sara, kowace mirginawa, tana cin koren layin numfashi, in ya ƙare ka zama nama. Makamai da sihiri suna da yawa har mutum biyu za su gama wasan ba su yi faɗa iri ɗaya ba.

Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Kyamara tana rikicewa in bos ya cika girma, musamman a ɗaki mai ƙunci, sai ka ga ƙafa kawai ba ka ganin inda duka ke fitowa. Ana maimaita wasu bos-bos har su gundure ka, kuma kaburburan ƙarƙashin ƙasa da yawa kamanninsu ɗaya. Babu littafin da ke tuna maka aikin da wani ya ba ka, mutum zai gaya maka magana sau ɗaya ya ɓace, sai ka yi sa'a ka sake ganinsa. Babu maɓallin dakatar da wasa na kai tsaye, babu kuma zaɓin sauƙi ko wuya. Daga yankin duwatsun ƙanƙara zuwa ƙarshe, duka yana yin tsanani fiye da yadda aka saba, kuma ƙasar ba ta cika da abubuwa kamar na farko ba. Labarin ma ba a ba ka shi a faranti, a bayanin kayayyaki ake tsintarsa.

Idan abin da kake so shi ne labari mai tafiya kamar fim, God of War ya fi dacewa da kai. Idan kuma za ka iya mutuwa sau ashirin a wuri ɗaya ba ka yi jifa da abin bugawa ba, saya. Wajen zaɓen jarumi ka ɗauki Vagabond, mai sulke da garkuwa, ko Samurai, wanda takobinsa ke sa zubar jini kuma yana da baka. Ka guji Wretch, wanda ke farawa a mataki na 1 da kulki kawai. Ƙarin wasan, Shadow of the Erdtree na Yunin 2024, bar shi tukuna, ba a ma shigarsa sai an kashe Radahn da Mohg.

Tambaya: A Elden Ring, bos ɗin nan Margit ya hana ni wucewa zuwa fadar Stormveil. Na gwada ya fi sau talatin. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Kusan tabbas ka je da wuri. Hasken da ke nuna hanya yana kai sabon ɗan wasa wurinsa kai tsaye, alhali an ajiye shi ne don ya kora ka ka je ka yi shiri. Juya ka nufi kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. Akwai majami'u uku a can, kowace da Sacred Tear, abin da ke ƙara yawan jinin da gorar magani ke mayarwa. Ka tsinci Golden Seed a gindin ƙananan bishiyoyi masu haske, su ke ƙara yawan kurɓi.

Sai makami. Duwatsun ƙira na matakin farko guda 12 ne ke inganta shi zuwa mataki na +3: biyu, sannan huɗu, sannan shida. Suna nan a ramin haƙar ma'adinai na Limgrave, yankin da ake fara wasan, kuma teburin ƙira na majami'ar Church of Elleh yana kaiwa +3. A farkon wasa, inganta makami ya fi zuba maki a ƙarfi amfani. Makin da kake samu ka zuba yawancinsu a Vigor, wato abin da ke ƙara yawan jininka, ka kai shi 20 ko fiye kafin ka koma. Nan gaba 40 ne abin nema, daga 60 kuma ƙarin ba ya da wani tasiri. Ka duba nauyin kayanka: in ya wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da za ka iya ɗauka, mirginawarka za ta zama ta buhu. Cire hular ƙarfe ko makamin da ba ka amfani da shi.

A cikin faɗan, abin da ke kashe mutane shi ne jinkirinsa. Zai ɗaga sanda sama ya riƙe, kai kuma tsoro ya sa ka mirgina, kana miƙewa sandar na sauka a kanka. Kada ka kalli ɗagawar, jira saukowar. Ka mirgina zuwa jikinsa ko gefensa, ba baya ba, domin bayan yana cikin tsawon sandar, kuma gefen gadar rami ne. Sara ɗaya ko biyu ka janye. Kada ka sha magani a gabansa kana tsaye, wuƙaƙen haske zai jefo maka. Idan jininsa ya kusa rabi zai fito da guduma ta haske ya yi tsalle, wannan saukar ita ce damarka mafi kyau ta kai sara mai tsalle, wanda in ya taru yake durƙusar da shi.

Kuma kada wani ya ce maka neman taimako ragwanta ne. Alamar kiran Rogier, wani mai sihiri da zai taya ka faɗa, tana bakin ƙofar hazo da ake shiga wurin Margit. Ruhohin kyarketai uku da wata matsafiya mai suna Renna ke bayarwa tare da ƙararrawar kiransu a Church of Elleh da dare suna ɗauke masa hankali. Patches, ɗan damfarar nan na kogon Murkwater, yana sayar da Margit's Shackle, wanda ke manna shi da ƙasa sau biyu, amma a zagayen farko kawai yake aiki.

Tambaya: Malam, Geralt na The Witcher da Sun Wukong fa?

Amsa: 'Yar'uwa, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Geralt gwani ne, da takubbansa biyu na ƙarfe da azurfa da ƙananan tsafe-tsafensa biyar, amma jikinsa na mutum ne, har wani talaka ya taɓa soke shi da cokalin tara ciyawa ya kai shi ƙasa. Wukong na tsohon labarin Sin kuwa ya goge sunansa daga littafin matattu, yana rikiɗa kama 72, yana tsige gashinsa ya hura ya zama runduna. Sai dai in kina nufin birin da ake bugawa a Black Myth: Wukong na 2024, wanda ba Wukong ɗin ba ne da kansa, magajinsa ne da ke tattara ikonsa. A babin farko na wannan wasan, in aka ba Geralt kwana biyu ya yi bincike ya haɗa magungunansa, za a ga faɗa.