Amsoshin tambayoyinku: Hajiya, riƙe kuɗinki

Wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta rubuto hankali a tashe. Ta biya wani yaro ya gina mata shafin intanet, sai ga "baƙin yadi" ya fito "baÆ™in yadi", alamar naira kuma ta koma â‚¦. Yaron ya ce sai ta ƙara dubu 40 a sayo haruffan Hausa daga waje.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kuma ko sisi kada ki ƙara. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa. Tsohon tsarin ba wa haruffa lamba, wato ASCII na 1963, gurbi 128 kacal gare shi, daidai wuyan Turanci aka ɗinka shi, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. A tsarin UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ƙ tana cin baiti biyu (baiti ɗan ƙaramin ma'aunin ajiya ne a kwamfuta). Idan burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ta zaci shafin na tsohon tsarin Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane baiti shi kaɗai: na farko ya zama Æ, na biyu ™. Ki ce masa ya sa <meta charset="utf-8"> can sama a cikin sashen fayil ɗin shafin da ake kira head, ya kuma ajiye fayil ɗin da UTF-8. Idan sunayen kayan a rumbun ajiyar bayanai na MySQL suke, ya tabbatar tsarin haruffansa utf8mb4 ne. In kuma ɗan akwati kike gani a gurbin ƙ, salon haruffan da ya zaɓa ne ba shi da ita. Noto Sans da Andika suna da ita, kuma kyauta ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ana ta sayar wa mutane abin da yake kyauta, don an ga ba su san ciki ba. Wani ma ba zai gyara ba, sai ya bi shafin ya gutsure ƙugiyoyin duka, baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ya ce ai mai karatu zai gane. Wani kuma ya ɗauki rubutun a hoto ya manna. Hoton ya cinye datar mai saye, ba a iya kwafar farashi a tura wa kowa, ranar da kuɗin shadda ya tashi kuma sai kin sake neman yaron, kin sake biya. Kafin ki biya cikon kuɗin aiki, ki sa ya rubuta "ɓawon ƙwai ɗaya" a shafin, ki buɗe a wayarki da ta ɗiyarki. In bai fito daidai ba, aiki bai ƙare ba.

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko sai ya sayi sabuwar laftof kafin ya fara koyon HTML, yaren da ake tsara shafukan intanet da shi. A'a, ɗana. Tokumbo mai lafiyar batir ta isa, har Notepad, manhajar rubutu da ke zuwa da Windows, ma yana rubuta shi. Ka dai gwada kowane maɓalli kafin ka bar shagon. Darussan shafukan MDN da W3Schools kyauta ne, kada ka yi gaggawar biyan kuɗin kwas.

Mai tambayar ko HTML zai sa ya iya shiga asusun Facebook na budurwarsa: HTML tsara kanun rubutu da sakin layi yake yi. Je ka tambaye ta da bakinka.