Bakin Baba ya ɗaure: wa ke da ikon sa hannu a madadinsa?

Barista, barka da aiki. Mahaifinmu ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, shekarunsa 59. Shekara biyu ke nan magana tana yi masa wuya. Da farko mun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, wasu suka ce sammu ne. Daga baya likita ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ya ce cuta ce ta lalacewar ƙwaƙwalwa da suke kira FTD. Yanzu sai ya daɗe yana fama kafin ya fitar da kalma biyu: "shago… makulli." Yana gane mu, yana sallarsa, lissafin kuɗi bai ɓace masa ba. Yayanmu ya kawo takardar wakilci yana so Baba ya dangwala don a sayar da shago ɗaya. Amaryar Baba kuma ta ce ya ba ta gidan da muke ciki, wai ta tambaye shi ya ce "eh". Mu mata ba a shawara da mu. Ina mafita?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ku ladan jinya.

Kafin a taɓa kowace takarda, sai mun san wane ɓangare na cutar ya kama shi, domin a nan hukunci yake rataye. Cutar tana cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta na wajen kunne, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 45 zuwa 65, lokacin da dukiya da iyali duk suna hannunsa. Wani magana ce ke ɗaure masa: yana fahimtar kalma, ya san abin da yake so, amma haɗa jimla ya gagara. Wani kuma bakinsa sakau, magana na zuba, sai dai ma'anar kalmomi ce ke zubewa, ki ce masa "miƙo buta" ya tambaye ki mece ce buta. Na uku maganarsa lafiya ƙalau, hali ne ya canza, kunya ta tafi, ya riƙa ɓarnar kuɗi, 'yan damfara su same shi a ɓagas. Bayaninki ya fi kama da na farko, amma likita ne zai tabbatar.

Na daɗe a kan wannan ne saboda mutanenmu da baki suke auna hankali. Wanda ya yi shiru a ce ya tafi, wanda ke zuba a ce garau yake, alhali sau da yawa na farkon ne zai iya ƙulla ciniki ingantacce. Doka ba ta ce rashin magana rashin hankali ba ne. Sashe na 176 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida a rubuce ko da ishara a gaban kotu, a ɗauke ta kamar ta baki. A fiƙihun Malikiyya ma, isharar da ake fahimta tana tsayawa a matsayin furuci. Abin da alƙali zai tambaya shi ne: a ranar da aka sa hannu, ya gane abin da ake yi, da abin da zai fita daga hannunsa?

To, sai batun "eh" ɗin nan. Masu irin wannan lalura sukan musanya eh da a'a, baki ya ce eh alhali kai na girgizawa. Don haka "eh" guda, a ɗaka, ba shaidu, ba hujja ba ce. Ko da a ce ya faɗa da niyya, kyauta a Malikiyya ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa. Malaman mazhaba sun yi maganar wannan gaɓar takamaimai: miji ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki, ya kuma ci gaba da zamansa, hauzi bai samu ba. In ta juya ta ce wasiyya ce, mata magajiya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. Amma kada ku mai da ita abokiyar gaba. Wataƙila tsoron makomarta ne ya sa ta riƙe kalmar, kuma in Baba da gaske yana so ya ba ta wani abu, haƙƙinsa ne, sai a bi hanya.

Takardar yayanku kuwa, ba haramun ba ce. In Baba ya fahimta ya yarda, tana da inganci. Sai dai mutane suna ɗaukar takardar wakilci kamar rijiyar da ba ta ƙafewa. A dokar da muka gada daga Ingila, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa ne da zarar hankalin wanda ya wakilta ya gushe, wato daidai lokacin da iyali suka fi bukatarsa. Cinikin da aka ƙulla da wanda bai san abin da yake yi ba kuma ana iya rushe shi in mai saye ya san halin da ake ciki. An tabbatar da wannan ƙa'ida a Ingila, a shari'ar Imperial Loan da Stone a 1892. A kasuwar da kowa ya san Alhaji ba shi da lafiya, wa zai ce bai sani ba? Ki gaya wa yayanku wannan cikin ladabi: takardar da aka yi a ɓoye shi za ta fara ci.

Da ni ce ku, a cikin watan nan zan koma wurin likitan da ke duba shi, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in nemi rahoto a rubuce. Kada ya tsaya a sunan cuta. Ya faɗi ko Baba na iya fahimtar sayar da kadara da naɗa wakili, da kwanan wata a jiki. In rahoton ya ce yana iyawa, a zauna da safe lokacin da ya fi natsuwa, da lauya wanda ba na yayanku ba, da shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a dukiyar. A ajiye hoton shagon da na gidan a gabansa, a rubuta "sayar" a wata takarda, "bari" a wata, ya nuna da yatsa. A sake tambayar a juye: "A sayar?", can an jima "A bar shi?" In ya ce eh ga duka biyun, a naɗe tabarma, ranar ba ta yi ba. A ɗauki bidiyon zaman da waya, kuma kada kowa ya ƙarasa masa jimla, komai tausayi. Wasiyyarsa, wadda ba za ta wuce sulusi ba, da jerin masu binsa bashi da waɗanda yake bi, duk a rubuta su a irin wannan zama. Cutar gaba take yi, har yanzu ba ta da maganin warkewa, kuma rubutu da karatu ma sukan bi sahun magana.

In kuwa likita ya ce an wuce nan, babu ɗan da ke zama waliyyin ubansa don kawai shi ne babba. Babbar Kotun Shari'ar Musulunci za ku je, a nemi hajru, wato a tsare dukiyar, alƙali ya naɗa mai kula da ita. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta ambaci wanda ba ya iya shibta da kansa, ta ce waliyyinsa ya yi masa da adalci. Ke ma kina da damar shigar da wannan buƙata, kasancewarki mace ba ya hana. Ki roƙi kotu ta sharɗanta cewa ba za a sayar da gida ko shago ba sai da izininta, kuma a riƙa kawo lissafi.

Kafin nan, takardun filaye da na shaguna a ɗauki hotonsu, kowane ɗaki ya riƙe kwafi. Wanda ke riƙe da katin cirar kuɗin Baba ya sayi littafi ya riƙa rubuta kowace naira da rasit ɗinta, domin ranar rabon gado za a tambaye shi. Kwaikwayon sa hannunsa a cek, ko da kuɗin magani za a cira, laifi ne a kundin dokokin laifuka na Penal Code.