Sauya wa tsohon injin CNC ƙwaƙwalwa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mun sayi injin milin na CNC, wato injin yanka ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, ƙirar wajajen 1985, mai layi uku na motsi (X, Y da Z) da motocin sarbo na DC masu tura layukan. Jikinsa lafiya lau a ido, amma allonsa ya mutu, wani lokacin ma ya ƙi tashi. Abokan aikina sun ce mu kwashe duk abin da ke cikin akwatin wuta mu zuba sabo. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku yanke waya ko ɗaya tukuna. Darajar irin wannan inji tana cikin ƙarfensa, kuma sabuwar kwamfuta ba ta gyara ƙarfen da ya cinye. Awo za ku fara yi.

Kafa agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ƙanƙanin motsi, a jikin inji, bakinsa na taɓa tebur. Juya sukurun layin X da hannu zuwa gefe ɗaya, ka mayar da agogon sifili, sannan ka juya baya a hankali, ka lura da tafiyar da sukurun ya yi kafin allura ta motsa. Wannan shi ne wasan layin. Milimita 0.01 zuwa 0.02 abin farin ciki ne a injin da ya kai wannan shekaru. Idan ya wuce 0.05, a nemo dalili. Auna a tsakiyar tafiyar tebur da kuma ƙarshenta biyu. In wasan ya fi yawa a tsakiya, sukurun ne ya cinye a wurin da aka fi aiki. In daidai yake ko'ina, ɗora agogon a kan bakin sukurun kansa ka tura tebur gaba da baya: sukurun da ke motsi a tsayinsa boris ɗin da ke riƙe shi ne ya saki, kuma wannan gyara ne mai sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da sauya sukuru. Manhaja tana iya rama wasa a lissafi, amma ba ta hana wuƙa fizgar tebur lokacin yanka, kuma da'irar da ka yanke za ta fito da tabo a wurare huɗu da layukan ke juya baya.

Daga nan ka auna karkacewar ramin sandar yanka, wanda bai kamata ya wuce milimita 0.01 ba, ka saurari boris ɗinta tana gudu. Duba ko mai yana isa kowace hanyar zamiya. Ƙananan bakunan raba mai suna toshewa da tsohon mai, famfo na ta aiki amma layi guda a bushe yake. A sauya su duka, a zuba man zamiya mai lamba 68.

In ƙarfe ya ci jarrabawa, sai takardu. Nemo zanen wayoyin injin. In har tsohuwar ƙwaƙwalwar tana tashi ko da na minti goma ne, kwafe saitunanta, domin a ciki akwai tsawon tafiyar kowane layi, iyakar gudunsa da lissafin sukuru. Ɗauki hoton kowane sashe na akwatin, ka liƙa lamba a bakin kowace waya biyu kafin ka cire ta. Yawancin injunan da aka fara yi wa wannan aiki aka watsar, a nan suka mutu: an tsinke wayoyi ɗari biyu rana ɗaya, bayan wata guda babu mai sanin wacce ke zuwa famfon mai, wacce ke sakin birki.

Sai hukuncin abin da za a bari. Idan amfilifayoyin sarbo, wato na'urorin da ke ba motocin wuta bisa umarnin ƙwaƙwalwa, suna aiki, ni ban ga dalilin zubar da su ba. Yawancin na wancan zamani suna karɓar umarnin gudu ne ta siginar bolt 10 sama da ƙasa da sifili, kuma suna daidaita gudun da kansu ta ƙaramin janaretan tako, mai auna gudu, da ke bayan moto. Abin da ya rage wa sabuwar ƙwaƙwalwa shi ne ta karanta matsayi ta aika wannan sigina. LinuxCNC, manhaja ce ta kyauta da ta samo asali daga aikin EMC na hukumar NIST ta Amurka, tana yin haka sau dubu a daƙiƙa. Kati irin Mesa 7i97 yana haɗuwa da kwamfuta ta wayar netwok, yana da mafitar sigina shida da mashigar enkoda (na'urar da ke ƙidayar juyin moto) shida. Ka ga an taɓa ƙwaƙwalwa kaɗai, an bar tiransifoma, kwantakta da motoci a inda suke.

Abin da zai iya ɓata wannan tsari shi ne na'urar da ke faɗin matsayi. Enkoda mai siginar A da B ta bolt 5 tana shiga kati kai tsaye. Rizolba sai da katin fassara, ko a cire ta a sa enkoda. Tsofaffin ma'aunan gilashi na Heidenhain suna ba da raunanniyar sigina ta mikro'amfiya 11, sai an bi da ita ta akwatin EXE mai fassara ta. Motocin AC na Fanuc da suka zo daga baya kuwa, enkodarsu da yaren kamfanin take magana, sau da yawa sauya moto da amfilifaya tare ya fi sauƙi.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: kafasitocin amfilifaya da na inbata (na'urar da ke sarrafa gudun moton sandar yanka) suna riƙe da bolt 300 zuwa sama da 500 bayan an kashe wuta. Kashe, kulle makunni, jira mintuna, sannan ka auna da mita kafin hannunka ya shiga.

Tambaya: Na haɗa komai, amma da na kunna layin Y sai tebur ya zabura da gudu har ya bugi ƙarshe. Amfilifayar ce ta lalace?

Amsa: Da wuya. Kusan kullum alkibla ce ta juye. Ƙwaƙwalwa ta ce a matsa dama, enkoda ta ba da rahoton an matsa hagu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfi don ta gyara, kuskuren ya ƙaru, cikin ƙiftawar ido moto ya kai ƙarshen gudunsa. Haka ma yake faruwa in wayoyin tako biyu sun juye, ko ɗaya ta tsinke.

Cire bel tsakanin moto da sukuru kafin ka sake gwadawa. A layin Z, tokare kan injin da katako tukuna, domin da zarar bel ya fita babu abin da ke riƙe shi. Amfilifaya a kashe, juya moto da hannu ka ga ko lambar da ke allo tana ƙaruwa ta ɓangaren da ya dace. Sannan ka ba amfilifaya ƙaramar sigina, kamar rabin bolt, ba tare da barin ƙwaƙwalwa ta gyara matsayi ba: moto ya juya a hankali, lamba ta hau. In ta sauka, juya alamar siginar fita a saiti. Sa iyakar kuskuren bi, wato tazarar da ke tsakanin inda aka umarci tebur da inda yake, ta zama ƙarama, kamar milimita 1, yadda manhaja za ta kashe layin tun kafin ya yi nisa.

Ka duba lissafin ma'auni tun kana wurin. Enkoda mai layi 2500 tana ba da ƙidaya 10,000 a juyi ɗaya. Sukuru mai tafiyar milimita 5 a juyi, haɗe kai tsaye, ƙidaya 2000 ke nan a milimita. In akwai bel da moto ke juyi biyu sukuru ya yi ɗaya, 4000. Injunan Amurka da yawa sukurunsu na inci ne, juyi biyar a inci ɗaya, wato milimita 5.08. Wanda ya rubuta 5 zai samu kuskuren milimita 1.6 a kowace tafiyar 100.

Tambaya: Motocin injina sun ƙone. In sa moto mai taku, wato mai juyawa taku-taku ba tare da enkoda ba, tunda ya fi sauƙin haɗawa?

Amsa: A ƙaramin inji, ko tsohon Bridgeport na jerin BOSS na farko da dama da irinsu ya fito, babu laifi. A injin da teburinsa ke da nauyi, ban ba da shawara ba. Lambar ƙarfin da ake rubutawa a moto mai taku ta lokacin da yake tsaye ce, tana zubewa sosai da gudu ya ƙaru, kuma in ya tsallake taku ba ya faɗa wa kowa. Sarbon AC mai wat 750 yana ba da ƙarfin juyi na Nm 2.4 har zuwa juyi 3000 a minti, da kusan ninki uku na ɗan lokaci. Karanta farantin tsohon motonka ka zaɓi wanda ya kai shi ko ya fi. Na layin Z ya zama mai birki, kuma a tsara shi yadda birki ba zai saki ba sai amfilifaya ta kama moton. Sababbin sarbo suna karɓar siginar taku da alkibla, don haka Centroid Acorn ko Mesa 7i96S sun isa.

Tambaya: Komai na tafiya daidai har sai na kunna sandar yanka. Daga nan sai makunnin iyaka ya riƙa tsayar da inji ba gaira ba dalili, ko girman aiki ya kauce.

Amsa: Hayaniyar lantarki ce daga inbatar sandar, wadda ake kira VFD. Tana yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, duk wayar sigina da ta bi kusa da wayar motonta sai ta kwashi rabonta. Wayar inbata zuwa moto ta zama mai ragar kariya, a matse ragar da jikin ƙarfe a bakin biyu da maƙalli mai zagaye ta, ba a murɗe ta kamar jela ba. Raba hanyar wayoyin sigina da na wuta da aƙalla santimita 20, in dole su haɗu su gitta juna a miƙe. Duk wayoyin ƙasa su taru a sandar tagulla guda cikin akwati. Sa matatar hayaniya a mashigar wutar inbata.

Enkoda ta zama mai tagwayen sigina, kowace da kishiyarta a waya murɗaɗɗiya. Makunnan iyaka su koma bolt 24 maimakon 5, kuma su zama masu zama a rufe, yadda tsinkewar waya za ta tsayar da inji maimakon ta ɓoye. Kowane koyil na DC, na rile ko na bawul, a haɗa masa dayod a juye tsakanin bakinsa biyu.

Tunda ka buɗe akwatin, duba jan maɓallin gaggawa. Dole ya katse wutar motoci ta rile da kwantakta kai tsaye, manhaja labari kawai za a ba ta. Kwamfutar da ta daskare ba ta jin maɓalli.

Tambaya: Ƙwaƙwalwar Fanuc ɗin injinmu tana aiki, matsalar kawai allon ya dushe kuma manyan fayiloli ba sa shiga. Mu sauya ta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ana samun allon LCD da ke maye gurbin tsohon. Manyan fayiloli kuma a turo su kaɗan-kaɗan ta tashar RS-232 yayin da injin ke yanka, tsarin da ake kira DNC. Kwafe saitunan a yau, ka sauya batirin ajiya alhali ƙwaƙwalwar tana kunne kamar yadda littafin injin ya tsara, domin in ka zare shi a kashe saitunan za su iya gogewa. In injin yana da mai sauya wuƙa da kansa, wannan ƙarin dalili ne na barinta: sake rubuta jerin matakansa, daga tsayar da sanda a kusurwar da ta dace zuwa tabbatar da kowane makunni kafin hannun sauya wuƙar ya motsa, shi ne sashen da ya fi cin lokaci a duk aikin sauyin.